Mumbai, garin su Amita da Sharukan: yawon buɗe ido da ba ya cin aljihu

DUK wanda ya tashi a Kano, Kaduna, Jos ko Damagaram yana kallon finafinan Indiya, to ya san Bombay tun kafin ya san Legas. Ya san tashar jirgin ƙasan nan inda jarumi ke sauka daga ƙauye da 'yar akwatinsa ta ƙarfe, yana ta waige-waige kamar ɓatacce. Ya san bakin tekun da yake zuwa ya yi tagumi idan uban yarinya ya ce ba zai ba shi ba. Har baƙaƙen tasi masu rawayan sama ya san su. Tun zamanin El-Dorado da Plaza da Marhaba ake nuna wa mutanen ƙasar Hausa wannan birni, aka zo zamanin kaset, aka zo na faifai, ga shi yanzu an kai ga fassara a waya, amma garin dai shi ne.

A 1995 hukuma ta sauya masa suna ya koma Mumbai. Yana bakin Tekun Arebiya ne, a yammacin Indiya, kuma shi ne babban birnin jihar Maharashtra. Asalinsa tsibirai bakwai ne da aka yi ta cike tsakaninsu da ƙasa har suka haɗe. Abin dariya, a kayan aure Turawan Ingila suka same shi: a 1661 sarkin Ingila Charles na Biyu zai auri 'yar sarkin Fotugal, sai aka haɗa masa da Bombay a cikin gara. Yau idan aka haɗa da unguwannin kewaye, mutanensa sun haura miliyan 20.

To, yanzu zuwa Indiya ya daina zama labari a wajen Bahaushe. Sai dai mafi yawan masu zuwa ba shaƙatawa ke kai su ba. Wani rakiyar mahaifinsa ya yi zuwa asibiti, wani karatu, wani saro kaya. Kuɗin da ke hannu a ƙirge suke, na magani ne da na masauki. Sai ka tarar da matashi, wanda ya haddace finafinan Sharukan kamar karatun allo, ya yi sati uku a Mumbai amma bai san ko'ina ba sai ɗakin otal da barandar asibiti. Wai tsoro yake ji, ko kuma an ce masa yawo a garin sai mai kuɗi. Wani kuma ya yi ƙundunbala ya ɗauki kuɗin cefanen sati guda ya ba 'yan kai baƙi yawo, aka zagaya da shi a cikin bas, ya dawo yana cizon yatsa. Allah Sarki! Alhali Bombay ɗin da ya daɗe yana mafarki tana nan a kan titi da bakin ruwa, ba ƙofa ba mai gadi. A nan kam maganar nan ta iya kuɗinka iya shagalinka ba ta cika aiki ba.

Jirgin ƙasa tukuna

Garin dogo ne kamar zungureriyar ƙwarya, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Tsohon gari na Turawa yana can ƙurya ta kudu, unguwannin 'yan fim irin su Bandra da Juhu suna arewa. Wanda ya ce tasi zai riƙa hawa tsakaninsu, to kuɗinsa da lokacinsa duk za su ƙare a cunkoso. Abin hawan talakan Mumbai shi ne jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ke ɗaukar mutum wajen miliyan bakwai a kullum. Tikitin gama-gari daga rufi 5 yake farawa (rufi shi ne kuɗin Indiya), kuma daga tashar Churchgate ta kudu zuwa Bandra rufi 10 ne, tafiyar kamar rabin awa. Akwai ma tikitin baƙi na yini guda, mutum ya hau ya sauka yadda ya ga dama, bai kai rufi 100 ba.

Amma fa jirgin nan ba abin wasa ba ne. Yawancin taragan ƙofofinsu a buɗe suke tafiya, kuma mutum sama da 2,000 ke mutuwa a layukan nan duk shekara, wasu wajen tsallaka dogo, wasu ta faɗowa. Wannan leƙen da jarumi ke yi a bakin ƙofa, iska na kaɗa masa gashi, a bar wa 'yan fim abinsu. Da safe jama'a kudu suke kwarara wajen aiki, da yamma su koma arewa, don haka mai wayo sai ya bi akasinsu, ko ya bari sai tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya na safe da huɗu na yamma. Mata suna da taragonsu na daban, namijin da ya faɗa ciki zai sha tara, kafin tarar ma zai sha baki. Haka wanda ya shiga taragon manya da tikitin gama-gari.

Idan an sauka a Bandra ko Juhu, abin da zai fara yi wa Bahaushe maraba shi ne A-daidaita-sahu. Ai can ne gidansu, daga Indiya ake kawo su. Bambancin kawai na can da mita suke aiki, ba ciniki. A kudancin garin kuwa an hana su shiga, sai bas da tasi. Tsofaffin tasin nan ƙirar Premier Padmini da aka saba gani a finafinan da, an sallame su daga titi a 2023, shekarar da aka ajiye tsofaffin jajayen bas masu hawa biyu. Masu hawa biyun da ake gani yanzu na lantarki ne.

Tsohon gari

Yawon kudu da ƙafa ake yin sa. Wurin farawa shi ne babbar tashar da Turawa suka kira Victoria Terminus, wadda yanzu ake kira Chhatrapati Shivaji Maharaj Terminus. An gama ginin ta a ƙarshen shekarun 1880, kuma daga wannan wuri ne jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi a 1853. Wanda ya kalli Slumdog Millionaire na 2008 zai tuna rawar ƙarshe da aka yi a kan dandamalin jirgi. To a nan aka ɗauke ta. Kallon ginin daga tsallaken titi kyauta ne, kuma ya fi kyau da dare idan an kunna masa fitilu.

Daga nan a gangara a bi ta filin Oval, inda samari ke buga kurket ƙungiya-ƙungiya a fili ɗaya, har mutum ya rasa gane ƙwallon wa ke bin wa. Idan ya zamana wajen sha ɗaya da rabi na safe ne, sai a tsaya a gaban tashar Churchgate a ga 'yan dakon abinci da ake kira dabbawala, masu fararen huluna. Sana'arsu ta samo asali tun 1890: su karɓo abincin rana daga gidaje, su bi da shi ta jirgi da keke, su kai wa maigida a ofis da ɗuminsa. Kafin annobar korona su wajen 5,000 ne, suna raba kwanon abinci kusan 200,000 a yini. Annobar ta rage su ƙwarai. A kansu aka gina fim ɗin The Lunchbox na marigayi Irrfan Khan a 2013, inda kwano ɗaya ya ɓata hanya ya haɗa wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Sai Gateway of India, wato Ƙofar Indiya, a bakin ruwa. An gina ta ne don tunawa da ziyarar Sarki George na Biyar a 1911, aka gama a 1924, kuma ta cikinta rukunin ƙarshe na sojojin Ingila ya fice a 1948. Shiga filin kyauta ne, sai dai a bi layi a caje jaka. Katafaren otal ɗin Taj Mahal Palace na 1903 yana fuskantar ta, shi ne wanda 'yan bindiga suka kai wa hari a Nuwamban 2008. Masu hoto za su yi ta bin baƙo da samfurin aikinsu. Wanda ke da waya ba ya buƙatarsu. Kuma kada baƙar fata ya yi mamaki idan wasu 'yan ƙauyen Indiya da su ma yawo suka zo suka roƙe shi a ɗauki hoto tare. Ya zo kallo, ya zama abin kallo.

Daga bayan ƙofar jiragen ruwa ke tashi zuwa tsibirin Elephanta, tafiyar kamar awa ɗaya, inda akwai koguna masu sassaƙen gumakan Hindu. Kuɗin jirgin da sauƙi, amma kuɗin shiga kogunan na baƙon ƙasar waje ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, kuma ba a buɗewa ran Litinin. Wanda tekun kawai yake son ya hau, akwai jiragen da ke ɗan zagaye su dawo. Ko wanne aka hau dai a sa rigar ruwa: a Disambar 2024 wani jirgin sojan ruwa ya yi karo da na fasinja a kan wannan hanya, mutum fiye da goma suka rasu.

Inda jarumi ke tagumi

Idan la'asar ta yi sanyi, duk hanyoyi Marine Drive suke nufa. Titi ne da ya lanƙwasa ya bi gaɓar teku na tsawon kilomita uku da rabi, daga Nariman Point zuwa rairayin Chowpatty. A gefensa an yi wani dogon dakali mai faɗi, a ƙasa kuma an jibge wasu duwatsun siminti masu ƙafa huɗu don su karya ƙarfin igiyar ruwa. Ba abin da ake yi a wurin sai zama. Amma wane irin zama! Ga ɗalibai, ga ma'aikatan banki da suka kwance ɗamarar wuya, ga tsofaffi masu motsa jiki, ga masoya kafaɗa da kafaɗa kowa ya ba gari baya ya fuskanci ruwa. A garin da iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya, wannan dakalin shi ne zauren kowa. Mai shayi zai zo da tulunsa, mai gyaɗa zai zo da tasa a nannaɗe cikin takarda. Da rufi 20 an gama hidima.

Rana a cikin teku take faɗuwa, a gaban idon mutum. Ga wanda ya fito daga inda ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne Tiga ko Bagauda, wannan kaɗai ya isa labari. Da duhu ya shiga sai fitilun titin su kama a jere, su yi baka kamar sarƙa a wuyan mace. Shi ya sa ake masa kirari da Sarƙar Sarauniya.

Masu son tsofaffin finafinai za su tuna Manzil na 1979, inda Amitabh Bachchan cikin kwat da Moushumi Chatterjee cikin sari suke tafe riƙe da hannu, ruwan sama na dukan su. A wannan titi da kewayen filin Oval aka ɗauki waƙar, kuma ruwan na Allah ne, ba na tanka ba. Duk daraktan da ke ganin sai an kashe miliyoyi waƙa ke kyau, ya kamata ya sake kallon ta: mutum biyu ne kawai da titi da damina. 'Yan baya kuma sun san wurin a Wake Up Sid na 2009. Gaskiyar magana, finafinan da suka taɓo Marine Drive ba su ƙirguwa.

A ƙarshen titin, a Chowpatty, ake cin kwalam. Akwai bhel puri, wato gugguru irin na shinkafa da aka cakuɗa da albasa da miyar tsamiya. Akwai pav bhaji, burodi da dagargazajjen kayan lambu da man shanu. Sarkinsu duka shi ne vada pav: ƙosan dankali ne a tsakiyar burodi, da yaji. Wanda ya saba da burodi da ƙosai ba zai yi baƙunta ba, kuma biyu sun isa karin kumallo a kan 'yan rufi kaɗan. Wani daɗin abin, duk ba nama a cikinsu, don haka ba zancen wa ya yanka. Ruwan sha dai a sayi na gora. Shi kuwa tekun, na kallo ne. Ba shi da tsabtar da za a shiga wanka.

Fim ɗaya, shekara talatin

Idan da za a ce wa ɗan kallo ya zaɓi abu ɗaya tak da zai yi a Mumbai, to ya tafi sinimar Maratha Mandir, daura da tashar Mumbai Central. A ranar 20 ga Oktoba, 1995 aka saki Dilwale Dulhania Le Jayenge, fim ɗin farko da Aditya Chopra ya bayar da umarni, na Shah Rukh Khan da Kajol. Tun daga lokacin wannan sinima take nuna shi kullum, yanzu da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe ake sa shi. In ban da watannin da korona ta sa aka rufe sinimomi, bai sauka ba. A Fabrairun 2015, bayan mako 1,009, masu sinimar sun sanar cewa sun gaji, za su cire shi. Jama'a suka yi caa, dole aka mayar. A Oktobar 2025 ya cika shekara 30 a allo ɗaya.

Tikitinsa bai wuce rufi 50 ba, ko a bene. Ginin na 1958 ne, kujeru sama da dubu, da manyan fitilu na zamanin da. A nan aka yi bikin fara nuna Mughal-e-Azam a 1960. Kafin fim za a sa taken ƙasa, kowa ya miƙe tsaye, baƙo ma ya miƙe. A ranakun aiki zauren ba ya cika, kuma ba a ɓoye ba, wasu sanyin na'ura ke kawo su, wasu matafiya ne da ke jiran jirginsu, wasu kuma masoya ne da ke neman duhu. Amma da zarar Sharukan ya bayyana sai fito ya kaure. Akwai waɗanda ke riga 'yan wasan faɗin maganganunsu, kalma bayan kalma. Idan Amrish Puri ya zare ido sai a yi tsit kamar yau aka fara ganin sa. Da aka zo wurin nan na ƙarshe, jirgi ya fara tafiya, Raj ya miƙo hannu daga ƙofa, uban ya saki hannun Simran, sai tafi ya ɓarke. Mutanen da suka san ƙarshen labarin sarai, ga su suna ihu wai ta yi sauri kada jirgi ya wuce!

Ba fassarar Turanci a ƙasan allo, amma wane Bahaushe ne ke buƙatar ta a wannan fim? Ga matashin da aka haifa bayan sinimomin Kano sun koma shaguna da wuraren taro, wanda duk kallon da ya taɓa yi a talabijin ne ko a waya, wannan ce damarsa ta ɗanɗana abin da iyayensa ke nufi idan suna labarin zuwa sinima. Wani abin lura: fim ɗin da ya zama tambarin Mumbai ba labarin Mumbai ba ne. Landan ne da Suwizalan da Punjab. Ita ma tashar jirgin ta ƙarshe wata 'yar ƙaramar tasha ce mai suna Apta, a wajen gari.

Mai son sabon fim a cikin irin wannan hayaniya sai ya nufi Gaiety Galaxy a Bandra ran Juma'a, ranar da ake sakin finafinai. Kuɗinta bai kai na sinimomin manyan kantuna ba, kuma 'yan industiri da kansu kan saurari abin da 'yan kallonta suka yi kafin su san ko fim ya karɓu.

Lamba 786

Tasha ɗaya gaba da Mumbai Central ita ce Mahalaxmi. Da fitowa, daga kan gada, ana hango Dhobi Ghat, matattarar wanki da guga tun 1890: ɗaruruwan kwamin siminti a jere, maza na bugun kaya, igiyoyin shanya iya ganin ido. Minti goma a kan gadar ya wadatar, ba sai an biya kowa an sauka ciki ba.

Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa Haji Ali, masallaci da hubbare farare tas a kan wani ɗan tsibiri, kamar rabin kilomita daga gaɓa. An ce an kafa shi a 1431 a kan kabarin wani attajiri daga Bukhara da ya rabar da dukiyarsa ya koma ga ibada. Wata siririyar hanya ce ke kai mutum, teku dama teku hagu, kuma idan ruwa ya yi toroƙo yakan shafe ta, sai a rufe har ya janye. Saboda haka a tambayi lokaci kafin a taso. Ba a biyan ko sisi. Almajirai da naƙasassu sun jeru a hanyar, masu sayar da furanni da mayafai ma haka. Wanda bai da niyyar saye ya wuce abinsa.

Wurin yana da matsayi na musamman a wajen masoya Amita. A Coolie na 1983 ya fito a matsayin Iqbal, ɗan dako a tashar jirgi mai ɗauke da lamba 786 a damtse, lambar da Musulmin Indiya ke ɗauka a madadin Bisimillah ta hanyar lissafin haruffa. A Haji Ali aka yi artabun ƙarshe, inda iska ta ɗauko mayafin hubbaren ta lulluɓe shi a daidai lokacin da mugu ke harbin sa. Wajen ɗaukar wannan fim ne, a Yulin 1982 a Bangalore, ya ji mummunan rauni a ciki a wani faɗa da Puneet Issar, aka kawo shi asibitin Breach Candy da ke nan kusa, ya kwanta rai a hannun Allah, Indiya gaba ɗaya ta koma addu'a. Da ya warke, darakta Manmohan Desai ya sauya ƙarshen labarin: da Iqbal mutuwa zai yi, sai aka bar shi da rai. Malamai sun sha bamban a kan abubuwan da ake yi a irin waɗannan hubbarori. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga masallaci nan, ya yi sallarsa ya zauna a kan duwatsun baya ya sha iska.

Musulmi kusan ɗaya cikin biyar ne na mutanen garin, don haka masallaci da abincin halal ba sa wuya. Cibiyarsu ita ce titin Mohammed Ali da Bhendi Bazaar. Wanda azumi ya riske shi a Mumbai, ya je kewayen masallacin Minara bayan magariba ya ga ikon Allah: tsire, gasassun kaji, farfesu, kayan zaƙi, har asuba. Naman saniya dai babu, dokar jihar ta hana. Abin da ake samu na akuya ne da kaza da ɓauna. Kusa da nan Chor Bazaar take, wai Kasuwar Ɓarayi, inda wasu shaguna ke sayar da tsofaffin fastocin finafinai irin su Sholay da Mother India. Na asali suna da tsada, amma akwai kwafi masu araha da za su yi kyau a bangon shago. A yi ciniki sosai. Indiyancin da aka tsinta a fim a nan yake amfani: da mutum ya ce "kitna, bhai?" sai fuskar mai kaya ta sauya.

Ƙofar gidan manya

To, ga maganar da kowa ke jira: shin ana ganin jaruman? Amsa ita ce, wani lokaci, daga nesa, kuma kuɗi ba sa ƙara kusanci. Film City da ke Goregaon, wadda aka kafa a 1977, tana da yawon bas na kuɗi, amma galibi bangon katako da ƙofofin da aka rufe ake nuna wa mutum, ba a barin kowa ya kutsa inda ake ɗaukar babban fim. Sutudiyon R.K. na su Raj Kapoor kuwa kada ma a ɓata kuɗin mota: gobara ta ci shi a 2017, aka sayar a 2019, yanzu gidajen kwana ne a wurin. Wanda ya ce a ba shi kuɗi zai haɗa baƙo da Salman, ɗan damfara ne, magana ta ƙare. In dai tarihin fim ake so, gara gidan adana kayan tarihin sinima na ƙasa da aka buɗe a titin Pedder a 2019, inda labarin ya faro daga Raja Harishchandra na 1913. Shi ma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, amma ana ganin abin da aka biya.

Abin da ke kyauta shi ne Bandstand, wata hanyar shan iska a bakin teku a Bandra. A nan Mannat yake, gidan Shah Rukh Khan. Kowace rana akwai cincirindo a ƙofar, ana ta hoto da allon sunan gidan. A al'ada yakan hau wani dandamali a saman katanga ranar Sallah da ranar haihuwarsa, 2 ga Nuwamba, ya buɗe hannayen nan nasa. A 2025 dai ya kwashe iyalinsa zuwa wani gida na wucin gadi saboda gyaran da aka shiga yi wa Mannat, don haka a bincika kafin a je a yi ta tsayuwar banza. Gaba kaɗan akwai Galaxy Apartments inda Salman Khan yake, gini ne da mutum zai wuce bai kula ba. Tun da aka yi harbi a gabansa a Afrilun 2024 aka tsaurara tsaro, 'yan sanda ba sa son mai daɗewa a wurin. A ƙarshen hanyar akwai kufan ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1640, inda ake hango gadar nan ta kan teku da ta haɗa Bandra da Worli tun 2009. A hanyar komawa tasha za a wuce ta gaban sutudiyon Mehboob, na Mehboob Khan mai Mother India, kuma a lungunan tsohuwar Bandra akwai manyan zanen fuskokin jarumai a bangon gidaje, wasu rana da damina sun fara cinye su.

Kafin a fita duk wannan yawo, akwai abin da ya kamata baƙo daga Afirka ya sani, ko da ba daɗin ji. Wasu tsiraru sun ɓata suna da harkar ƙwaya, don haka ɗan sanda na iya tare mutum ba gaira ba dalili, wasu ƙananan masaukai ma kan ce ba ɗaki. A riƙa yawo da kwafin fasfo da biza, kada a bari biza ta ƙare, kuma kada a karɓi saƙon kowa a riƙe masa, ko da Hausa ya yi magana. Batun lokaci kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne garin ya fi daɗi. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, kuma ba irin ta waƙar Manzil ba ce kullum: a ranar 26 ga Yuli, 2005 an yi ruwan milimita 944 cikin awa 24, ɗaruruwan mutane suka mutu.

Ranar Lahadi a ajiye ta don Juhu. A sauka a tashar Vile Parle, a hau A-daidaita-sahu, a ce wa direba "Jalsa", ba sai an ƙara bayani ba. Gidan Amitabh Bachchan ke nan. Shekara sama da arba'in, tun bayan jinyar Coolie, idan yana gari kuma lafiya ta samu, yakan fito ƙofar gida da yammacin Lahadi ya gaida jama'a. Tun la'asar ake taruwa, titi ya cushe, wasu sun kwana a jirgi daga wasu jihohi, yara a kan wuyan iyayensu. Wajen ƙarfe biyar zuwa shida sai a buɗe ƙyauren, dogon dattijon nan haifaffen 1942 ya hau ɗan dandamali, sau da yawa ba takalmi a ƙafarsa, ya haɗa tafin hannu, ya ɗaga wa dama ya ɗaga wa hagu. Minti kaɗan ne a rufe ƙofa. Wani makon kuma ba ya fitowa sam, sai masu gadi su ce a watse. Ko ya fito ko bai fito ba, rairayin Juhu na nan kusa, tafiyar 'yan mintuna, kuma masu gasa masara da lemun tsami da barkono suna nan har dare.